Ƙaramin Tulun Nagoggo

Sunansa na yanka Usman, amma in ka shiga Daura kana cigiyar Usman mai tsimi sai ka gaji da yawo. Nagoggo kowa ya sani. Uwarsa ta rasu yana goye, ƙanwar ubansa, Goggo Nana, ta ɗauke shi, kuma tun da ya fara tafiya duk inda ta sa ƙafa yana riƙe da bakin zanenta. Sunan ya bi shi har furfura. Da shi ya yi aure, da shi ya aurar da 'yarsa Raihana. Yaran da aka haifa a gabansa ma haka suke kiransa, babu Malam, babu Baba, kamar wani sa'ansu. Yana amsawa da fara'a. Abin da ke ƙasan fara'ar kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Gadon da Goggo ta bar masa bai wuce uku ba: gidan ƙasa mai ɗaki biyu, manyan tuluna, da sanin tsimi. Ba irin na mata ba, na basir da shawara da ciwon baya, wanda manoma da direbobi da masu zaman ɗinki suke nema. Sassaƙen marke, saiwar sabara, ɗan ɓawon maɗaci, tsamiya, citta, kanumfari, sai mazarƙwaila mai yawa don ta danne ɗacin. A jiƙa a tulu, a rufe da faifai, a bar shi ya tsimu. In ya tsimu sai a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama a hankali ba tare da an tayar da na gindi ba, a tace da farin ƙyalle. Daga nan sai mataki na ƙarshe, wanda Goggo ba ta wasa da shi: a mayar da shi kan wuta ya tafasa sosai kafin a ɗura.

"Ka ga wannan kumfar da yake yi shi kaɗai?" ta taɓa ce masa, ta kama kunnensa ta karkato da kansa bakin tulu. "Saurara. Ka ji yana tsiyi-tsiyi? Rai ne ya shige shi. Duk abin da ke da zaƙi, in ka bar shi cikin zafi ya daɗe, ya tashi daga magani ya koma giya. Wuta ce take kashe shi. Ranar da ka ɗura wa Musulmi wannan ba ka tafasa ba, ban yafe maka tuwon da na ba ka ba."

Ya riƙe maganar shekaru masu yawa. Ya kafa rumfa a bakin hanyar da ke gangarawa Kusugu, da tebur, da benci guda. Zamanin kwalaben gilashi ya wuce, aka koma gorar roba ta ruwan sha, yana sayen wankakku a buhu. Ba a taɓa cewa tsiminsa ya cuci wani ba, ba a kuma taɓa cewa ya yi fice ba. Mutane su tsaya a kan babur, su miƙo hannu, su karɓa, su wuce. Bencin nan kuwa, ban da masu jiran mota da awakin unguwa, babu mai zama a kansa.

Har ranar da Malam Zailani ya zauna.

Malam Zailani shi ne ladanin masallacin unguwarsu. Dogo ne, fari, mai tsaftar da har ana misali da ita, rigarsa kullum kamar yanzu aka karɓo daga wajen mai guga. Muryarsa ce arzikinsa. In ya ɗaga ta da la'asar, matan da ke daka sukan dakata da taɓarya. Ya zo ne da kukan ciwon baya da nauyin ƙirji, ya yi sallama, ya kaɗe bencin da gefen hannu, ya zauna, ya ce:

"Malam Usman, an ce kana da abin da zai taimake ni."

Nagoggo ya waiwaya bayansa don ya ga da wa ake. Babu kowa. A ina ladan ya samo sunan, bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Ya dai ji wani abu ya motsa masa a ƙirji, irin wanda mutum ke ji in aka miƙo masa sabuwar riga aka ce gwada. Ya wanke kofi sau biyu kafin ya zuba.

Malam ya sha, ya yamutsa fuska, ya yi godiya, ya sayi gora guda. Ya dawo bayan mako, ya ƙara dawowa sau ɗaya, daga nan ƙafarsa ta ɗauke. In sun haɗu a ƙofar masallaci sai gaisuwa ta mutunci, shi ke nan.

A bazarar wannan shekarar ne Nagoggo ya kwanta zazzaɓi. Akwai wani ƙaramin tulu da ya jiƙa ragowar haɗi a ciki, ya tura shi bayan ƙofar ɗakin ajiya, ya manta. Da ya miƙe ya buɗe shi, warin da ya bugi hancinsa ya gaya masa komai. Ya ɗauko tulun zai kai bakin kwata ya zubar, sai ya ji sallama a zaure. Malam Zailani ne, ciwon bayansa ya tashi, ya je rumfa ya tarar a rufe. Babban tulu kuwa ko jiƙa shi ba a yi ba.

Daga baya Nagoggo ya sha gaya wa kansa cewa kunya ce ta hana shi mayar da babban mutum hannu wofi. Wataƙila da ita a ciki. Ya tace kofi guda, ya ƙara tsamiya, ya kai zaure.

Washegari bayan la'asar Malam Zailani ya zo rumfa da kansa, fuskarsa a sake.

"Malam Usman, me ka ƙara a na jiya? Wallahi rabon da in yi barci irin wannan har na manta. Ka ji muryata da asuba kuwa?"

"Na ji, Malam. Har Mai'adua ma ina jin sun ji."

Malam ya yi dariya har da buga cinya. Ya zauna. Bai tashi ba sai da rana ta yi ja, lokacin kiran magariba ya gabato.

Tun daga ranar tuluna suka zama iri biyu a gidan Nagoggo. Manya na jama'a, waɗanda ake tafasawa yadda Goggo ta koyar. Da ƙarami na bayan ƙofa, na mutum ɗaya, wanda bai taɓa ganin wuta ba.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka barin tafasawa sauƙi ne. Ina! Wahalar ƙaramin tulun ta ninka ta manyan. Abin da ya tashi ba ya ɓoyuwa: ruwansa yakan yi duhu-duhu, yana kumfa, in ka rufe shi a gora sai ta kumbura ta yi tauri kamar ganga, in ka murɗa murfin ya yi tsaki da ƙarfi kamar lemon kwalba. Duk wanda ya ji wannan tsakin a gorar mai tsimi ya san labari. Don haka Nagoggo ya koya wa kansa abin da Goggo ba ta koya masa ba. Yakan bar tulun ya kwanta sosai, ba ya ko gittawa kusa da shi da ƙarfi. Ya tsiyaye na saman zuwa wata kwarya, ya sake bari ya kwanta, ya sake tsiyayewa, ya tace da ƙyalle ninki huɗu, har sai ya ɗaga kofin gilashi ya hangi hasken tsakar gida ta cikinsa, ja garau kamar shayi. Sannan ya ɗauko maburgi. Ya sa shi tsakanin tafukansa ya yi ta burgawa, kumfa ta taso, ya jira ta faɗa, ya sake burgawa. Haka zai yi ta yi har kafaɗunsa su ƙage, har ruwan ya daina amsawa. Sai ya kai kunne bakin kwaryar, yadda Goggo ta taɓa kai masa. In ya ji shiru, ya ɗura, ya bar sarari a wuyan gorar, ya ɗaura murfin sako-sako. Kafin ya miƙa wa Malam ma sai ya juya baya kamar mai neman leda, ya sassauta murfin a cikin tafinsa, ya matse gorar, ya sake rufewa.

Iskar kawai yake fitarwa. Abin da ke sa barcin yana nan ciki, kuma ya sani. Amma ko a zuciyarsa bai taɓa kiran abin da sunan da Goggo ta kira shi ba. "Na Malam" yake ce masa.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, kuma su ne shekarun da Nagoggo ya fi jin daɗinsu a duniya. Kullum bayan la'asar Malam Zailani yana kan benci, kofi a hannu. Ya ba shi labarin ƙuruciyarsa, lokacin da yake rakiyar shanu a tirela zuwa kudu kafin ya natsu ya koma karatu. Ya nemi shawararsa a kan gona, a kan rigimar 'ya'yansa, har a kan wace rigar zai sa ranar Juma'a. Da mutane suka ga ladan yana zama, su ma suka fara zama. Aka ƙaro benci na biyu. Mai shayi ya matso da teburinsa kusa. In gardama ta kaure a kan farashin taki ko wasan ƙwallo, Malam yakan ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata mu ji ta bakin Malam Usman." Sai a yi shiru. Mutumin da ya shekara hamsin ana kiransa da sunan goyo, ga shi ana jiran ya yi magana.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yaba wannan zama ba, matarsa Adama. Ita take wanke ƙyallayen tata, ita take share ɗakin ajiya, hancinta kuma lafiyarsa lau.

"Baban Raihana," ta ce masa wata rana da hantsi, tana tsaye a bakin ƙofa yana burgawa, "wannan tulun shi ba ya son wuta ne?"

"Haɗinsa daban ne."

"Na ga alama. Har maburgina ya koma hannunka, miyar kuka ma sai da cokali nake kaɗawa."

"Sai in sayo miki wani."

"A'a, riƙe kuɗinka. Ni tambaya ɗaya gare ni. Shi mai shan, ya san abin da yake sha?"

Maburgin ya tsaya. Nagoggo bai ɗago ba.

"Magani yake sha, Adama. Ya ce yana jin daɗin jikinsa. Ke likita ce?"

"Ni ba kowa ba ce. Amma a bayansa kake salla, ka tuna."

"Ladan ne, ba liman ba."

Ta dube shi har sai da ya ji kunyar amsar da ya bayar. Ta juya ta tafi, ba ta sake tayar da zancen ba. Shi kuwa ya ɗauki shirunta a matsayin an wuce wurin.

Ba wai bai taɓa niyyar bari ba. Da ya lura Malam ya tashi daga kofi ɗaya ya koma biyu, da ya ga hannunsa yana ɗan rawa in ya makara bai sha ba, ya tafasa ƙaramin tulun sau ɗaya, ya ƙara citta don ya yi yaji. Malam ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya ajiye kofin a gefen benci.

"Yau hannunka bai faɗa daidai ba, Malam Usman."

Bai ƙarasa kofin ba. Ya tashi da wuri, washegari bai zo ba, jibi ma haka. Bencin biyu suka koma na awaki. Nagoggo ya zauna yana kallon hanya, duk farar rigar da ta ɓullo sai gabansa ya faɗi. Kafin mako ya zagayo ya sake jiƙa ƙaramin tulun, ya kuma kai gorar har gida da kansa.

Abin ya zo ƙarshe ne a wata bazara mai tsananin zafi, irin wadda ake kwana a tsakar gida ana duban gabas. Aka aiko wa Nagoggo cewa wani ɗan'uwan mahaifinsa ya rasu a ƙauye. Dole ya je, dole kuma ya zauna har sadakar uku. Ya bar ƙaramin tulun ya kai, yana jiran tsiyaya da burgawa. Ya so ya gaya wa Adama kada ta taɓa shi, sai ya ga faɗin hakan ma amsa laifi ne. Ya ja ƙofar kawai ya tafi.

Ranar da ya dawo, a tasha ya hau babur ɗin Kabiru, ɗan acaɓan unguwarsu, mutum mai iyali da surutu. Ba su yi nisa ba Kabiru ya karkato kai.

"Nagoggo, kai ba ka gari aka yi abin kunya. Ko labari ya iske ka?"

"Wane labari?"

"Na Ladan mana! Ai ni na kai shi. Ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Mai'adua, shi ne waliyyi. Muka biya ta gidanka ya karɓi saƙo, ya zura a aljihun babbar riga. Ka san hanyar cikin ƙauyen nan, rami a kan rami, ga rana kamar ta dafa mutum. Muka isa, aka shimfiɗa tabarmi, malamai suka zauna, ga fataken shanu, ga baƙi daga ƙetaren iyaka. An zo daidai wurin da za a tambaye shi ko ya bayar, ya gyara zama ke nan, sai ji muka yi fau! Wallahi wasu har sun fara tashi da gudu. Murfi ya yi sama, kumfa ta yi ta ambaliya daga aljihunsa, farar shaddar nan ta koma ja har gwiwa."

Nagoggo ya ƙanƙame ƙarfen bayan babur.

"To ai tsimi ne," ya ce.

"Haka wani ya ce. Sai wani tsohon direba ya shinshina, ya ce, 'Jama'a, ni dai na yi yawon duniya, wannan tsimin ya yi makaranta.' Aka ƙyalƙyale da dariya, sannan aka yi tsit, don warin ya riga ya cika rumfar. Ka san abin da ya fi ba ni tausayi? Bai kare kansa ba. Aka tambaye shi wa ya ba shi, ya ce nasa ne. A haka ya ƙarasa ɗaurin auren, rigar tana ɗiga. Da muka dawo, dattawan masallaci suka ce ya ɗan huta tukuna, yaron nan Suhaibu ya riƙa kiran salla." Kabiru ya rage gudu, ya waiwayo. "Ni dai ban gaya wa kowa daga gidan da muka biya ba. Ba ruwana."

Adama tana tankaɗe a tsakar gida ya shigo. Ko jakarsa bai ajiye ba.

"Ke kika ba shi?"

"Sannu da hanya. Ya masu haƙuri?"

"Adama, ke kika ba shi?"

"Ya yi sallama, ya ce na wurinsa ya ƙare, ga tafiya a gabansa. In ce masa babu? Na shiga na ɗebo a tulunsa, na cika gora, na miƙa masa ta bayan ƙofa."

"Kika cika har baki."

"Har baki. Babban mutum ne, ba a yi masa rowa."

"Kika ɗaure murfin tamau. Ba ki tace ba, ba ki burga ba."

"Ni na iya? Haɗinsa daban ne, kai ka faɗa."

Ya tsaya yana kallonta. Matar nan ta shekara nawa tana ganin hannunsa a kan maburgi, ta san dalilin kowace juyawa. Ta kuma ji Kabiru yana tayar da babur a ƙofar gida, ta san inda za su. Ya buɗe baki zai faɗi hakan, sai ta ɗago ido daga rariyar, ta dube shi kai tsaye, tana jira. Ya gane cewa duk kalmar da zai tuhume ta da ita sai ta bi ta kansa tukuna. Ya shige ɗaki.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake. Ya je wurin dattawan masallaci ya ce shi ya haɗa, shi ya ɓoye, Malam magani ya ɗauka yana sha. Da an tsine masa, da rumfar ta mutu, amma da an mayar wa Malam lasifikarsa. Ya kwana da niyyar, ya tashi da ita. Ranar farko ya ce bari ƙura ta lafa. Ta biyu ya ce bari ya fara ganin Malam. Ya buɗe rumfa, mutane suka ci gaba da tsayawa a kan babur suna karɓa. Wasu matasa ma da bai taɓa gani ba suka fara zuwa suna tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai "irin na Ladan", ya kore su da zagi. Kowa ya san inda Malam yake shan tsimi, amma tun da shi bai ambaci suna ba, babu wanda ya fito ya nuna yatsa. Nagoggo ya fake a cikin wannan shirun, yana jin muryar Suhaibu sau biyar a rana, siririya, tana karyewa a tsakiya.

Sai da aka yi ruwan farko, aka yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa, sannan ya iya ɗaukar ƙafa zuwa gidan Malam Zailani. Ya same shi a zaure da hantsi, a kan buzu, da carbi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hannun da ke jan carbin yana rawa, amma idonsa ya washe fiye da yadda Nagoggo ya san shi.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gona da iyali da ruwan sama. Da ta ƙare, Nagoggo ya sunkuyar da kai.

"Malam, na yanke shawara. Yau bayan azahar zan tsaya a gaban dattawa in gaya musu ba ka san komai ba."

"Kada ka je."

"Ai hakkinka ne, Malam. Ni na..."

"Na ce kada ka je. In ka ce ban sani ba, ka yi mini ƙarya, ka ƙara a kan wadda ke ƙasa." Ya ajiye carbin. "Sau nawa na ba ka labarin tirelar shanu? Ka ɗauka a masallaci muke kwana a hanyar kudu? Tun kofin farko da ka kawo mini a zaurenka na gane shi. Kafin ya kai bakina ma."

Nagoggo ya ji kamar an zare masa tabarma daga ƙarƙashi.

"To me ya sa ba ka..."

"Me ya sa ban tambaya ba? Kai me ya sa ba ka faɗa ba?" Malam ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "Na bar abin nan tun ina saurayi, na yi tuba, na ɗauka ya mutu. Sai ga shi an miƙo mini a kofi, garau, babu kumfa, babu tsaki, da sunan magani, daga hannun mutumin kirki. Ina ganinka kana juya baya kana sassauta murfi. Kullum sai in ce a raina, tun da bai faɗa ba, ni magani na sani. Kai kuma na san kana cewa, tun da bai tambaya ba. Ka wanke mini shi tas, yadda zan iya sha ban ga fuskata a ciki ba. Da a wani wuri ne, da sai na ɓuya, da sai na san abin da nake yi."

"Ranar da na tafasa fa, Malam? Da ka daure..."

"Da ka daure kai ma. Mako ɗaya kawai, sai ga ka a ƙofata da gora."

Daga cikin gida ana jin ana dakan fura. Akwai tambayar da ke damun Nagoggo, wadda ta fi duk sauran ciwo, kuma bai yi niyyar yinta ba sai ji ya yi ta fito.

"Zaman da muka yi fa? Hirar nan duka. Don tulun ne?"

Malam Zailani ya dubi ƙofar zaure.

"Na tambayi kaina wannan tun da na dawo daga Mai'adua," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Na so in ce maka a'a."

Ya ɗauki carbinsa, alamar an gama. Nagoggo ya miƙe, ya laluba takalmansa. Yana bakin ƙofa Malam ya yi magana a bayansa, a hankali, ba da fushi ba.

"Ka gaida gida, Nagoggo. Ka ce wa maiɗakinka na gode."

Ba a mayar da Malam Zailani kiran salla ba, shi ma bai nema ba. Yana zuwa masallaci, ya tsaya a sahun baya, ya fita da wuri. In hanya ta biyo da shi ta gaban rumfar yakan ɗaga hannu daga nesa, Nagoggo ya ɗaga masa, shi ke nan. Mai shayi ya mayar da teburinsa inda yake da. Benci na biyu Adama ta sa aka kai mata gida, tana shanya kuɓewa a kai.

Nagoggo yana nan har yau a bakin hanyar Kusugu, ya ƙara tsufa, tsiminsa kuma duk mai tafasa ne. Masu saye suna cewa yana da kyau, ba laifi. Ƙaramin tulun bai fasa shi ba, bai kuma sake jiƙa komai a ciki ba. Adama ta wanke shi ta zuba gishiri. Maburgin ma ya koma madafa. Sai dai wani lokaci in la'asar ta yi, Suhaibu ya ɗaga siririyar muryarsa, akan ga tsohon ya kaɗe bencin da gefen hannu, ya ɗauko gora daga kan tebur, ya juya baya, ya sassauta murfin a cikin tafinsa, yana saurare. Gorar ba ta yin ko tsaki. Sai wani yaro a kan keke ya ƙwala masa kira, "Nagoggo, a ba ni na basir!" Ya ɗaure murfin, ya amsa.